Birkin diski mai riƙe taya: a gano inda ya kama kahin a taɓa aljihu

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa tare da fatan kuna lahiya kai da abokan aikinka baki ɗaya. Ni mai gyaran moto ne anan Maradi, na daɗe cikin sana'ar har wasu daga cikin yaran da sunka koyi aiki a hannuna sun buɗe nasu wurin. Inaso dan Allah ka bani fili a jaridarku in yi magana da 'yan uwana masu moto, musamman 'yan kabu-kabu, da kuma mu kanmu masu gyara, akan wata matsala da take neman zama ruwan dare tunda motoci masu birkin diski sunka yawaita a gari, wato birki ya riƙe taya ya ƙi saki alhali mutum bai taɓa shi ba. Abin yana damuna ƙwarai saboda yana cin kuɗin talaka a banza, yana kuma kada mutane kan gudron, kuma mafi yawan lokaci gyaran bai kai ya kawo ba in da an tsaya an duba da hankali.

Mu nan mun taso ne da birkin waya, wanda in ya matse sai ka sunkuya ka sassauta noti a bayan taya shikenan ka hau ka tahi. To birkin diski bashi da wannan notin, da mai yake aiki, shiyasa in ya kama mutane da yawa basu san ta inda zasu ɓullo mishi ba. Wani ma sai kaji yana cewa ai birkina ne ke da ƙarfi shiyasa yake ɗan riƙewa, wallahi ba ƙarfi bane, ciwo ne. Birki mai lahiya in ka matsa ya kama, in ka saki ya saki nan take, duk wanda ya wuce haka akwai abinda ya lalace a cikinshi.

Gane shi ba wuya. Ka kashe moto ka sa shi a firi ka tura a fili mai kyau, in kaji yana maka nauyi kamar taya ba iska alhali da iskarta, to ka fara zargi. Ka ɗora shi kan babban jak, wani ya danne baya gaba ya ɗaga, ka juya tayar da hannu. Ɗan sautin shafa kaɗan shiii da zakaji wannan ba komai bane, haka birkin diski yake saboda falaket ɗin, wato takalman birkin da ke matse faifan da ke jikin taya, basa nisa da shi, amma taya ta juya da kanta bayan ka sake ta. In ka saki ta tsaya cak, ko sai ka sa ƙarfi kahin ta motsa, to ya kama. Wata alamar kuma ka yi 'yar tahiya ba tare da ka taɓa birkin gaba ba, ka tsaya da na baya, ka kai bayan hannunka kusa da faifan, kusa fa nace kar ka dafa, in kaji huci na dukanka ko warin ƙuna, ko kaga faifan ya fara canza launi ya yi shuɗi-shuɗi, to magana ta tabbata. Sannan ga shan esansi, mutum yazo yana ta ƙorafi moto na shan mai a duba mishi karbireta, a kwance a wanke a ɗaura abin na nan, ashe injin wahala yake yana jan tayar da birki ya riƙe. Kuma kowa ya san tun 2023 da Najeriya ta cire tallafin mai, litar da muke saye a bakin hanya ba kamar da take ba, ɗan kabu-kabu da zai kai ma mai moto kuɗinshi kullum da yamma shi ya san zafin kowane kwalba.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki don sai an gane wannan sauran zai yi sauƙi. In ka matsa hannun birki, akwai ƙaramin fistan a cikin masta, wato famfon birkin da ke nan sama kusa da hannunka, shi ke tura mai ta cikin tiyo ya sauka zuwa kalifa, wato gidan ƙarhen da ke riƙe da falaket can ƙasa wajen taya, man ya turo babban fistan, fistan ya matse falaket a jikin faifai. To in ka saki mi ke maida fistan ɗin ƙasa baya? Mutane da yawa har da wasu masu gyara suna zaton akwai sifirin a ciki, babu. Robar nan zagayayya mai kusurwa huɗu da take zaune cikin rami a jikin kalifa tana rungume da fistan, ita ce in fistan ya fito take ɗan lanƙwasa ta bi shi, in an saki ta miƙe ta jawo shi baya ɗan kaɗan wanda ido ma baya gani sosai. Ƙarfinta kenan duka. Kaga ko abu kaɗan ya isa ya fi ƙarfinta, 'yar tsatsa, ɗan yashi, ko ɗan matsin mai da ya rage a cikin tiyo. Sannan a can sama cikin kofin mai, a gindinshi akwai huda biyu, ɗaya babba ɗaya 'yar mitsitsiya, ita 'yar ƙaramar ta nan ne mai ke komawa kofi in ka saki hannu. In ta toshe ko fistan na masta bai koma baya ya buɗe ta ba, man ya shiga tarko, ya sauka amma bashi da hanyar dawowa.

Wannan shine yake kawo abin nan mai ban tsoro da ke faruwa a kan hanya. Mutum ya tashi da sahe moto lahiya lau, ya ɗauki hanyar Ɗan Isa ko ta Tibiri da fasinja a baya, falaket na ɗan gogar faifai kaɗan, gogar ta kawo zahi, zahin ya shiga kalifa ya dumama mai, mai in ya ji zahi kumbura yake, ba hanyar komawa kofi sai ya ƙara turo fistan, fistan ya ƙara matsewa, zahi ya ƙaru, haka haka har yaji moto na ja baya yana ƙara wuta baya tahiya, in Allah bai kiyaye ba tayar gaba ta ƙulle yana cikin gudu, kuma wanda tayar gaba ta ƙulle mishi kan yashi ko a kwana bashi da dabara sai ƙasa. In ya tsira ya zauna gindin itace ya huta, ƙarhe ya huce, sai yaga taya ta saki, ya ce alhamdulillahi ya gyaru da kanshi. Bai gyaru ba, hucewa ya yi, gobe da rana tsaka zai sake, balle a watannin Afrilu da Mayu da zahin garin nan kaɗai ya isa.

Yanzu ga abinda na fi so kowa ya riƙe daga wasiƙar nan. Kahin a sayi komai, kahin a kwance komai, a fara raba gardama tsakanin sama da ƙasa, kuma abin baya ɗaukar lokacin shan shayi. A jikin kalifa akwai ɗan bis da ake fidda iska ta nan, yawanci kile 8, wato sifana mai lamba 8, ke kama shi, da 'yar hular roba a kai. A lokacin da taya take riƙe, ka sa tsumma ko ɗan siririn tiyo a bakinshi don kar mai ya zuba kan falaket, ka ɗan sassauta shi kaɗan ka maida ka ɗaure. In mai ya yi tsartuwa ya fito da ƙarfi kuma nan take taya ta saki tana juyawa, to kalifa bashi da laihi, matsi ne ya maƙale, ciwon yana sama, ko hannun birki ko masta ko tiyo. In kuwa mai ya ɗan ɗiga kawai taya na nan a riƙe, to ba maganar matsi bace, ƙarhe ne ya cije a ƙasa, ka bar masta ya huta ka nufi kalifa da faifai da zaman taya. Da wannan gwajin kaɗai rabin kuɗin da ake ɓarnatarwa zai tsaya a aljihu, amma sai kaga an ce ma bawan Allah sai ya sayi kalifa sabo dungurungum, ya ciwo bashi ya saya a ɗaura, kwana biyu abin ya dawo saboda 'yar hudar can sama ce a toshe tun farko.

In gwaji ya nuna sama, ni da hannun birki nake farawa saboda shine ya fi sauƙi kuma shi ya fi yawa a nan. Moto ya faɗi hannu ya karye, a je kasuwa a sayo wani mai kama da shi a ɗaura, a ido iri ɗaya ne amma ɗan hancin da yake tura fistan ya fi na asali tsawo kaɗan, sai ya zamana kullum yana danne da fistan ko ba'a matsa ba, hudar komawa ta rufe. Hannun birki dole ya kasance da ɗan wasa kahin ya fara tura fistan, in ka taɓa shi kaji tauri tun daga farko ba wasa ko kaɗan to ka kwance shi gaba ɗaya ka juya taya ka gani, in ta saki ka kama ɓarawo. Wani lokaci kuma hannun asali ne amma ya lanƙwashe, ko kusar da yake juyawa a kai ta bushe ta yi tsatsa baya komawa har ƙarshe, ko kayan ƙawa da samari ke ɗaurawa a kan kai suna tokare shi. Masu diski a tayar baya su ma haka, in anka ɗaure sandar feda da yawa don wai birki ya riƙa kamawa da wuri, ko sifirin na feda ya saki, ko mutum ya saba ɗora ƙafa a kai yana tahiya, duk hanya ɗaya ce.

Sai kofin mai. Akwai layi biyu a jiki ko ɗan gilashi, ba'a cika shi har baki, dole a bar wuri. Abinda ke faruwa shine falaket in suna cinyewa mai yana sauka a kofi saboda fistan ya ƙara fitowa, sai mutum ya ga ya ragu ya ƙara ya cika, ranar da anka sa sabbin falaket aka tura fistan ciki man ya hau sama ya cika kofi maƙil ya rasa wurin zuwa, a ɗaure murfi a kai. Buɗe murfin kawai ka rage mai wani sa'in ya isa.

Ita kuwa 'yar hudar, sai ka zuƙe man kofin ka goge ka haska fitilar waya sannan zaka ganta, wani lokaci ma akwai ɗan ƙarhe ko roba da ya rufe ta sai ka ɗaga. A motocin da ba'a taɓa canza musu mai ba tunda sunka fito daga kwali, abinda nake tararwa a gindin kofi wani baƙin laka ne mai kauri kamar tukar kunun kanwa, ka sa tsinke ka motsa ya tashi gaba ɗaya, hudar ta ɓace a ƙarƙashinshi. In ka share kaga babbar amma ƙaramar sai ka ƙura ido, ɗan ɗigo ne baƙi a jikin farin ƙarhe. Sili ɗaya na wayar lantarki mai laushi nake zarowa in soka a hankali, ba allura ba, ba ƙusa ba, don in ka faɗaɗa ta ko ka bar mata kaihi a ciki zata riƙa yanka robar fistan duk wucewa. In ta buɗe ka zuba sabon mai ka matsa hannu a hankali zakaga ɗan mai ya yi tsalle sama daga hudar a farkon matsawa, wannan shine shaida cewa hanya ta buɗu, ka kauda fuskarka fa kar ya shiga ido. Amma gaskiya in laka ta kai haka gara a kwance masta duka a wanke a duba robobin da sifirin ɗin ciki, don abinda ya toshe ta yana nan zai sake.

Tiyo shi ma yana yi, ko da yake bai kai sauran yawa ba. A waje kaga shi lahiya, a ciki ya ruɓe ya saki ɓawo, in ka matsa mai ya wuce da ƙarfi amma dawowa a hankali ɓawon ya tare. Yadda ake rabewa, in taya ta riƙe ka sassauta notin tiyo na sama wajen masta, in ta saki to masta ne, in bata saki ba sai da ka buɗe bis na ƙasa to tsakani ne, tiyo kenan. A duba kuma ko ya naɗe ko wani abu ya matse shi lokacin da anka ɗaura fitila ko kariya.

To in gwaji ya nuna ƙasa fa. Yawancin ƙananan motocinmu kalifansu mai zamewa ne, fistan a gehe ɗaya yake, shi kuma jikin kalifa yana zamewa kan sanduna biyu don ya jawo ɗayan falaket ɗin. Ka kwance kalifa ka riƙe shi a hannu ka ja maƙalinshi ka tura, ya kamata ya shiga ya fita sumul da yatsu biyu. In sai ka sa guduma to sandunan sun bushe. Falaket ma suna faɗa maka, in kaga ɗaya ya cinye har ƙarhe ɗaya kuma da sauran nama sosai, ko ya ci a karkace, sanduna ne. A wanke su a goge, a duba 'yan robobin da ke hana ƙura shiga ko sun yage, a shafa giris, amma giris na silikon wanda baya cin roba, ba baƙin giris na boris ba. A duba kuma kunnuwan falaket inda suke zama, wasu na kasuwa ana yanko su da ɗan girma ko fenti ya yi kauri sai su cije a mazauninsu, ɗan goga kaɗan a gehen ƙarhen ya wadatar.

Fistan shine babban aikin, kuma ƙasarmu bata raga mishi. Maradi gari ne na yashi, ka sauka daga gudron ka shiga unguwa ko ina rairayi ne, ga ƙurar hunturu, damina ta zo a bi ta cikin ruwa da taɓo, masu zuwa gonaki ta gulbi su sun fi kowa sani, sannan a kai wajen wanki a sa mishi ruwan inji mai ƙarfi kai tsaye cikin kalifa, ruwan ya tura datti ya wuce robar ƙura ya zauna. In falaket sun cinye fistan ya daɗe a waje, wannan ɓangaren da ya fito ya yi zobe na datti da tsatsa, ranar sa sabbin falaket sai yaro ya sa sukudireba ya danna shi ciki da dattinshi duka, daga ranar birki ya fara riƙewa, mai moto ya ce tunda anka canza mini falaket abin ya lalace, kuma gaskiyarshi. Kahin a tura fistan ciki a ɗan ƙara fiddo shi, a wanke shi da man birki da tsohon buroshin haƙori har ya yi ƙyalli, sannan a tura da babban yatsa, fistan mai lahiya yatsa na iya maida shi. In ya ƙi sai an fidda shi duka, da matsa hannun birki ake turo shi, ba da filaya ba, don duk inda haƙorin filaya ya ciza nan zai riƙa yoyo. In ya fito ka zare robar da tsinken itace ka leƙa ramin da take zama, nan asirin yake. Zakaga wani farin gari ya daskare a cikin ramin, tsatsar alminiyom ce, tana tsiro a bayan roba tana turo ta waje tana shaƙe fistan, mutum ya canza roba sabuwa bai kankare ramin ba aikin banza ya yi. A kankare a hankali har ƙarhe ya fito fes ba tare da an ƙwarzane shi ba, a wanke, a jiƙa sabuwar roba da man birki a zaunar. In jikin fistan ya yi ramuka na tsatsa inda roba ke bi, kar a tsaya gogawa da sanfefa, a canza shi.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa da girman Allah ya bari, shine zuba man inji ko man shok ko na giya a cikin kofin birki, da wanke kalifa da esansi ko gazuwal ko kananzir. Robobin birki ba irin na inji bane, duk man da ya fito daga fetur kumbura su yake. Ranar farko birki zai yi kamar lahiya, bayan 'yan kwanaki robar kalifa ta kumbura ta riƙe fistan, ta masta ta kumbura ta rufe 'yar hudar, sama da ƙasa duka su kama lokaci guda. In ka buɗe murfin kofi kaga baƙar robar da ke ƙarƙashinshi ta yi girma ta yamutse ta ƙi komawa mazauninta, to an taɓa zuba abinda bai dace ba, kuma anan ba maganar zubar da mai a sa sabo bace kawai, duk wata roba da man ya taɓa sai an canza har tiyo. Araha bata ado, ɗan abinda mutum ya ga ya rage a kwalbar mai zai biya ninkinshi.

Man birki na gaskiya an rubuta irinshi a kan murfin kofi, DOT 3 ko DOT 4, su biyun ana iya haɗa su, amma DOT 5 na silikon ne baya haɗuwa da su, kar lambar ta ruɗi mutum ya ce ai biyar ta fi huɗu. Shi wannan man yana shan ruwa daga iska, haka halittarshi take. DOT 4 sabo sai zahi ya kai digiri 230 kahin ya tafasa, in ya sha ruwa ya sauko wajen 155, DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. Kaga birkin da yake riƙewa yana dafa kanshi, da tsohon mai a ciki, ƙarshenta man ya tafasa ya zama tururi ka matsa hannu ya tahi har jikin roba ba birki sam, wato daga kamawa da yawa an koma babu gaba ɗaya. Kuma ruwan nan shi ke kawo tsatsar da na faɗa a ciki. Shiyasa masu ƙera moto ke cewa a canza shi duk shekara 2. A sayi ƙaramar kwalba a rufe da hatiminta, a guji wanda ake tsiyayowa daga galan da ya kwana a buɗe, kuma in ya zuba kan tanki a wanke da ruwa maza don yana cin fenti.

Faifai kuma in shine, alamarshi daban ce, taya zata juya ta kama a wuri ɗaya ta saki ta sake kamawa, kuma a tahiya kaji hannun birki na bugun yatsunka. Faɗuwa ke lanƙwasa shi, ko a ɗora moto a bayan mota a ɗaure da igiya ta kanshi, ko wajen cire taya a jingina shi a ƙasa a taka. Akwai kaurin da anka rubuta a jikinshi wanda in ya gaza haka ya gama aiki. Bana goyon bayan miƙe shi da guduma. In kuma matsalar ta fara ne daga ranar da anka yi faci, a duba bushin ɗin taya ko an juya su ko an manta ɗaya, a duba boris ta hanyar girgiza taya gehe da gehe.

Abinda ya fi ɓata mini rai, Malam Edita, shine masu cewa a cire musu birkin gaba gaba ɗaya su huta, wai ai na baya ya isa, har da masu cewa birkin gaba shi ke kada mutum. In ka taka birki nauyin moto da naka da na fasinja duk gaba yake komawa, tayar gaba ita ke da riƙon ƙasa, mafi yawan tsayawa ita ke yinta, ta baya ja kawai take a ƙasa. Ka ɗauko matar mutane da goyo da kaya daga babbar kasuwa, amalanke ko yaro ya ratso maka, da me zaka tsaya? Wanda ya hau bayanka bai san ka cire ba, amana ya baka. Ni dai a wurina ba'a cirewa, ko nawa mutum zai bada, kuma ina kira ga 'yan uwana masu gyara mu haɗa baki kan wannan, in kowa ya ƙi dole a gyara.

Wanda abin ya kama a hanya nesa da gari, da zarar kaji moto na nauyi ko warin ƙuna ka sauka gehe tun kahin ta ƙulle, kar ka ce bari in ƙarasa. Kar ka watsa ma faifan ruwa yana da zahi don yana iya karkacewa, ka bari ya huce da kanshi. In kana da kile 8 ka ɗan buɗe bis ka rage matsin ka ɗaure, ka matsa hannu ka tabbatar birki na nan, sannan ka tahi sannu sannu zuwa wurin mai gyara mafi kusa, wannan kai ka gida ne kawai ba gyara bane. Ya kamata kowane ɗan kabu-kabu mai diski ya aje wannan kilen a ƙarƙashin kujera.

Mu kuma masu gareji mu koya ma yaranmu cewa duk wanda ya taɓa kalifa, kahin ya miƙa makulli sai ya matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri, don bayan an tura fistan ciki matsawar farko fanko ce, an sha ganin mutum ya fita daga gareji ya shiga titi ya matsa ba komai. A fidda iska sosai, a goge faifai kar a bar maiƙo, falaket da mai ya jiƙa a zubar da su don basa wankuwa, a sake ɗaga taya a juya a gaban mai moto ya gani da idonshi. Masu bada moto haya su daina matsa ma yaran nan da cewa kuɗin gyara daga aljihunsu zai fito, shi ke sa suna lallaɓawa da birki mai ciwo har sai ya kada su. Shugabannin 'yan kabu-kabu na tashoshi kuma in sun ga dama su sa rana kahin damina da bayanta a riƙa ɗaga tayar kowa ana juyawa, duk wadda ta tsaya cak a ce mai ita ya je gyara kahin ya ɗauki fasinja, in sunka kira mu zamu zo mu duba musu ba sai an biya ba.

Nagode da wannan fili, Allah ya ƙara ma jaridarku albarka. Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran moto, Maradi